Ranar Da Na Buɗe Cikin Kwamfutata A Gaban Malamai

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, saura kwana biyu mu rufe zango na uku a makarantar da nake koyarwa a unguwar Nasarawo, cikin garin Gombe. Har yau in ta faɗo min a rai, ko a cikin keke nake, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, in kau da kai gefe kamar na kusa da ni yana jin abin da nake tunani. Shekara biyu ke nan, amma kunyar tana nan ɗanya.

Bari in fara da sunan da ya jawo min. A makarantarmu Injiniya ake ce min, alhali labarin ƙasa nake koyarwa, kuma ban taɓa zama ajin koyon gyaran komai ba. Asalin abin, firintar ofishin firinsifal ce ta ƙi aiki kwana uku. Na zagaya bayan tebur na tarar wayarta ce ta ɗan zare, na tura ta ta koma. Da na fito nan take da ba a ga ƙoƙarina ba, don haka na ƙara minti goma a durƙushe ina ƙwanƙwasa katako ina gyaran murya. Da na miƙe na ce a gwada, sai ga takarda tana fitowa. Daga ranar suna ya bi ni. (Na sha yin niyyar faɗin gaskiya, amma suna mai daɗi wuyar mayarwa gare shi.)

Wannan sunan ne ya sa aka ba ni muƙamin jami'in jarrabawa. Aikin shi ne kowane malami ya rubuta makin ɗalibansa da hannu a takardar maki ya kawo min, ni kuma in shigar a kwamfuta, ta haɗa jimla, ta fitar da na ɗaya har zuwa na ƙarshe. A zango na uku abin ya fi nauyi, domin da shi ake sanin wanda zai wuce aji da wanda zai maimaita. Na ga ai jami'i irina bai kamata ya dinga aron kwamfutar ofis ba, sai na yi shiri na nufi shagon Bappa Usmanu, wani dattijo mai sayar da laftof na hannu yana kuma gyara su, can wajen tsohuwar kasuwa.

Bappa ya ajiye min guda biyu a kan tebur. Ɗaya baƙa ce mai kauri, gefenta har ya ɗan koɗe. Ɗayar kuwa siririya, ruwan azurfa, in ka ɗaga ta kamar ka ɗauki littafin rubutu. Ya ce in don aiki ne baƙar ta fi, ta fi sauƙin kuɗi kuma, sannan duk ranar da ta gaza ana iya ƙara mata ƙarfi. Ni kuwa ko kallon kirki ban yi mata ba, ina can ina shafa siririyar ina hango yadda zan shiga ɗakin malamai da ita a hammata. Ya nuna ta da yatsa ya fara cewa, "Ita wannan tana da kyau, sai dai fa..."

Na tari numfashinsa. Na ce, "Bappa, ni fa a wurin aiki Injiniya ake ce min."

Ya dube ni, ya dubi kwamfutar, ya ce to Allah ya sanya alheri. Ya saka min ita a jaka, na biya kuɗin da ya kusa cinye tanadina duka, na fito ina jin kaina. Kallon kitse na yi wa rogo, amma a lokacin wa ya isa ya gaya min.

A ɗakin malamai teburina yana kusa da na Madam Rifkatu, malamar lissafi, mutuniyar Kaltungo, wadda ta fara koyarwa tun ina firamare. Ita ma tana da laftof, irin baƙar nan mai kauri, in ta kunna ta fankarta na huci kamar injin markaɗe. Na sa mata suna dutsen niƙa. Kullum sai na tsokane ta, in ce Madam a kawo gero ne ko an gama niƙan. Ba ta taɓa ramawa ba. Murmushi take yi ta ci gaba da aikinta, ni kuma in ɗauka na ci wasan.

Ban tsaya nan ba. Na zama mai wa'azin cewa zamanin takarda ya wuce. Duk wanda na gani da rijista sai na yi masa bayanin yadda duniya ta ci gaba ta bar mu. Kuma don in nuna da gaske nake, da na gama shigar da makin zangon nan, sai na tattara takardun makin gaba ɗaya na kai wa Dada mai awara da ke bakin ƙofar makaranta. A nan ba ni kaɗai nake ba ta takarda ba, duk malamai muna kai mata tsofaffin jaridu da takardun tambayoyin da suka gama aiki tana ƙunshe awara da su, ita kuma ta yi mana gyara mai kyau. Ranar har sai da ta tambaye ni ko na tabbata sun gama aiki, don ta ga sababbi ne. Na ce mata komai yana cikin na'ura, Dada, ki yi ta ƙunshi.

To ita na'urar fa ta fara nuna hali. Yayin da azuzuwa suka taru a cikinta, sai ta koma tafiyar hawainiya. In na danna abu sai in tashi in sha ruwa in dawo tana nan tana tunani. Ga shi ranar Juma'a iyaye za su zo karɓar sakamako, ni kuma ban buga ko ɗaya ba. Na duba a waya na ga wani bidiyo, wani mutum yana cewa maganin wannan shi ne a ƙara ram. Ram ɗin nan wani ɗan falle ne kore, bai fi tsawon yatsa ba, shi ke ba kwamfuta sararin yin aiki da yawa a lokaci ɗaya. Mutumin ya kwance sukuru, ya zura fallen, ya ji ƙas, ya rufe, duka bai kai minti biyar ba. (Abin da ban lura ba shi ne kwamfutar da ke hannunsa ba irin tawa ba ce, ko kusa.)

Na je na sayo ram, amma a wani shago daban, don kada Bappa ya san ta fara gazawa. Na haɗo da ɗan saitin sukudireba. Da ina da hankali, da a gidana a Barunde zan rufe ƙofa in gwada, in ta ƙi in binne maganar. Amma zuciyata ta ce aikin gwani ba shaida ai asara ne. Sai na zaɓi ranar Laraba, lokacin tara, sa'ar da ɗakin malamai ke cika kowa da ƙunshin awararsa.

Na shimfiɗa farin hankici a kan tebur, na jera sukudireba daga babba zuwa ƙarami, na kifa kwamfutar. Na sanar da cewa duk mai son ya ga yadda ake ƙara wa na'ura ƙarfi ya matso, ba kullum ake samun irin wannan a kyauta ba. Aka kuwa matso. Firinsifal ya zo wucewa ya ga taro, shi ma ya tsaya a bayana ya harɗe hannu, yana gaya wa wani sabon malami cewa ai makarantar nan Allah ya yi mana baiwa da wannan bawan Allah.

Madam Rifkatu ce kaɗai ba ta taso ba. Daga kujerarta ta ce, "Injiniya, ka kwashe rizol ɗin a filasha tukuna?"

Nufinta in ajiye kwafin sakamakon a ɗan abin nan da ake zurawa a gefen kwamfuta. Na ce babu buƙata, aikin minti biyar ne.

Ta ce, "Ka dai duba ko tana da wurin ƙari. Yawancin siraran nan a like suke zuwa."

Na yi dariya irin ta manya. Na yi mata bayani mai tsawo, wanda rabinsa daga bidiyo na kwaso, rabin kuma a nan na ƙirƙira, cewa kowace kwamfuta a duniya tana da wurin ƙari, kamfani ba mahaukata ba ne. Ta ce to, ta ci gaba da buɗe ƙunshinta.

Sukurorin ma sai da suka ba ni wahala, don kansu kamar tauraro yake, babu sukudireban da ya zauna daidai. Da ƙyar da gumin goshi na fitar da su, biyu har sun lalace. Murfin ya ƙi ɗagowa, na sa farce, na sa katin shaidata na aiki na bi gefe-gefe, har ya ɓalle. Kowa ya leƙo. Ni ma na leƙa, kuma wannan ne karo na farko a rayuwata da na ga cikin laftof ido da ido.

Babu wurin ƙari. Batir ne ya cinye fiye da rabin cikin, sauran kuma ɗan allo ne guda, komai a manne a jikinsa, sumul. Na ɗauki ram ɗin na kara a nan, na kara a can, na juya shi, na sake karawa. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai taunar awara. Wani ya tambaya a hankali ko an kusa, na ce ana nazari ne.

A nan ne fa Allah ya ba ni ƙofar fita ta ƙarshe. Da na ce jama'a Madam ta yi gaskiya, na mayar da murfi, da dariyar kwana biyu za a yi a manta. Amma firinsifal yana tsaye a kaina, sabon malami ya zuba min ido yana jiran ganin baiwa. Sai na hango wani ɗan baƙin ƙarfe a tsakiyar allon, na ce yauwa, ai a ƙarƙashin nan suke ɓoye shi. Na zura bakin sukudireba na ɗan banƙara.

Wani ɗan haske ya yi ƙyas, ƙarami, kamar an ƙyasta ashana ta mutu. Sai wari ya biyo baya, irin na roba in ta faɗa garwashi. Ban cire batir ba. Kai, ko kashe kwamfutar ban yi ba, rufe ta kawai na yi na kifa. Kuma abin da ya fito daga bakina, wanda har yau malamai suke maimaitawa in shinkafa ta kama ko fanka ta tsaya, shi ne, "Haka take yi."

Na mayar da murfi, na juyo ta, na danna. Shiru. Na sa caji na danna. Shiru. Na danne na ƙirga har ashirin a zuciyata ina haɗawa da duk addu'ar da ta zo bakina. Fuskata kawai nake gani a baƙin gilashin, da fuskokin mutane a bayana.

Firinsifal mutum ne mai sanyin hali. Ya dafa kafaɗata ya ce ba komai, na'ura ce, ƙaddara ta riga fata. Ya ce tunda takardun maki suna nan, sai a ɗauko kwamfutar ofis a sake shigarwa, in an dage za a gama kafin Juma'a. Sannan ya ce, "Suna ina, a ofishinka ko a kabad?"

Ina cikin laluben ƙaryar da za ta iya tsayawa da ƙafarta, sai na ga Madam Rifkatu ta daina ci. Ta zazzage sauran awararta a murfin kwano, ta shimfiɗa takardar ƙunshin a kan tebur, ta sa tafin hannu ta goge ta. Mai ya jiƙa tsakiyarta har ana ganin katako ta ciki, ga yaji ya bi layi-layi. Ta gyara tabarau.

Ta ce, "Wannan ai rubutuna ne. Aji biyu, lissafi."

Ba ta ɗaga murya ba. Amma nan take kowa ya dubi abin da ke hannunsa. Ɗaya bayan ɗaya suka shiga warware ƙunshi. Wannan ya ga Turanci na aji uku, wancan ya ga sa hannunsa da jan biro a ƙasan takarda. Malamin addini ya ɗaga tasa sama yana kallo ta hasken taga, ya yi salati a hankali. Ni kuwa ina zaune da ɗan koren falle a hannu, na ji da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan lokacin ba. Kuma ba dariya aka yi ba, da an yi ma da na ji sauƙi.

Firinsifal ya cire hannunsa daga kafaɗata. Abin da ya ce kawai shi ne in je in karɓo abin da ya rage.

Na tafi bakin ƙofa ina jan ƙafa. Dada ta saurare ni har na gama, ta jawo buhun takardunta ta miƙo min abin da ya saura, bai kai rabi ba. Ta ce, "Malam, ai sai da na tambaye ka." Na ce haka ne, Dada. Sauran sun riga sun bi 'yan acaɓa da masu wucewa, makin 'ya'yan mutane ya watsu cikin Nasarawo da mai a jikinsa.

Na hau acaɓa zuwa shagon Bappa da ɗan guntun fata a raina. Ya buɗe, ya sunsuna, ya sa abin awonsa nan da can, ya girgiza kai. Ya ce allon ya ƙone. Na ce to a ciro min ma'ajiyar, inda aikina yake, a sa a wata. Ya ce a irin wannan ita ma ma'ajiyar a manne take da allon, tare suke rayuwa tare suke mutuwa. Da baƙar nan ce, in ji shi, ko mota ta taka ta zai zare ma'ajiyar ya sa a wata kafin in gama shan ruwa. Bai yi min gori ba. Ya dai ce ran nan abin da ya so ya gaya min ke nan. Garin gyaran gira na rasa ido.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Wahalar da na jawo wa mutane ce. Malaman da suka riga suka gama aikinsu suna shirin hutu, dole suka koma sito suka kwaso takardun amsa, suka bi ɗaya bayan ɗaya suna sake haɗa maki. Wani aji ma jarrabawar karatun baki suka yi, babu takardar amsa da za a koma wa, sai da aka sake yi musu ranar Alhamis. Firinsifal ya ce ni zan shiga in gaya musu dalili da bakina. Na tsaya gaban ɗalibai na ce laifina ne, na yi wasa da amanarsu. Suka zuba min ido, waɗanda suka san sun yi ƙoƙari a karon farko idanunsu suka cika da damuwa. Wannan kallon ya fi na ɗakin malamai zafi.

Kwamfutar ofis kuwa da aka ɗauko ta, ta ma fi tawa nawa. Sai Madam Rifkatu ta turo min dutsen niƙanta, ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Tana karantowa ina shigarwa, tun daga yammacin Laraba har hantsin Juma'a. Fanka na huci, amma duk abin da na danna kafin in ɗaga yatsa ya buɗe. Na kasa haƙuri na tambaye ta sirrin. Ta kifa ta ta nuna min wata 'yar ƙofa a bayanta mai sukuru biyu. Ta ce shekararta bakwai da ita, an ƙara mata ram sau ɗaya, an canza ma'ajiya, an canza batir, kowanne a lokacin da aljihu ya yarda. Na ce wa ya sa mata ram ɗin. Ta ce ita ta sa, a kan teburin cin abincinta, bayan ta je ta tambayi mai gyara sau biyu.

Na sunkuyar da kai na ce Madam, ki yafe min, na yi miki rashin kunya da yawa a kan kwamfutar nan. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Ba komai, Malam. Shigar da na gaba, lokaci na tafiya."

Sakamako ya fita ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, maimakon da safe. Iyaye sun yi zaman jira a ƙarƙashin bishiya, wasu sun yi ƙorafi, firinsifal ya ba su haƙuri ya ce matsalar na'ura ce. Ya rufa min asiri, Allah ya rufa nasa. Da aka dawo hutu aka ba Madam muƙamin jami'ar jarrabawa, aka ce in taimaka mata. Na karɓa hannu bibbiyu, don ko ni ne firinsifal abin da zan yi ke nan.

Sai da na yi wata huɗu ina tarin kuɗi kafin na koma wurin Bappa. Na ba shi gawar siririyar ya cire abin da zai cira, na zauna a benci na yi ta tambaya kamar ɗan aji ɗaya. Ana buɗe ta? Ram ɗinta a like yake ko a zura? In batir ya mutu ana samunsa a Gombe, ko sai an aika Kano? Duk ya amsa, har da waɗanda ban san zan tambaya ba. Na bar kamfanin siririyar, wanda na ɗauka shi ne ƙarshen gayu, na koma wani daban, na ɗauki mai kauri wadda kuɗinta bai kai na waccan ba. Nauyi gare ta, in na rataya daga Barunde zuwa makaranta sai kafaɗata ta gaya min. Ba wanda ya taɓa cewa ta yi kyau, ni ma ban ce ba.

Bara ta fara nawa, lokacin ƙarin ram ya yi. Ga ƙofa, ga sukuru biyu, na san inda komai yake, na kalli bidiyon irinta sak har sau uku. Na kwashe aikina a filasha biyu, na sa ta a jaka, na kai wa Bappa. Ya miƙo min sukudireba ya ce in gwada da kaina yana kallo, abu ne mai sauƙi. Na sa hannuwana tsakanin gwiwoyi na ce a'a, Bappa, na gode. Darasin da na biya da tsada bai wuce wannan ba: ka sayi wadda ake iya buɗewa, sannan ka ba wanda ya iya ya buɗe.